Mun Je Kamazou Mun Ga Bargon Ƙyallaye

Ranar wata Asabar cikin hunturu, da aka ba mu hutun makaranta, muka tashi da uwargida za mu gaishe da wata gyatuma a Kamazou. Muka shiga mota daga Sabon Tasha muka bi hanyar Kachia, wadda ta nufi wajen matatar mai da aka buɗe a 1980. Ba a yi nisa ba muka sauka. Kamazou tana kudu da kogin Kaduna, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yau in ka tsaya bakin hanya za ka ji harsuna iri iri, Hausa ce ke haɗa su ciniki. Inda dā gonaki ne, yanzu gidajen bulo ne da shaguna.

Muka iske Mama zaune kan tabarma a inuwar mangwaro, ga buhu cike da ƙyallaye a gabanta, ga 'yan mata uku kewaye da ita. Bayan gaisuwa muka ce, "Mama, wannan tarin tsumma fa?" Ta yi dariya ta ce, "Malam, ku masu alli ba ku san dukiya ba. Zauna ka gani."

Ashe bargo suke ɗinkawa. Ƙyallayen nan ragowar yanka ne da teloli ke sharewa su zubar. Mama takan aika jikokinta shagunan unguwa su roƙo su. Jikarta ta fari za ta tafi makarantar kwana bayan hutu, kuɗin makaranta kuwa ya cinye abin da ke hannu, ba na sayen bargo. Ga sanyi kuma ya kama. Saboda haka aikin nan ba wasa ba ne, sati uku kaɗai suka rage.

Ga yadda muka ga ana yi, ko wata cikin masu karatu za ta so ta gwada. Da fari a wanke ƙyallayen a goge, gama auduga takan tsuke, wani rini kuma yakan zuba. Sa'an nan a yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci uku da rabi kowane gefe. Shi ne ma'auni. A ɗora shi kan ƙyalle, a zana da fensir, a yanka da almakashi. Ana bukatar guda tara: biyar masu duhu, huɗu masu haske. A jera su uku uku kamar gidan dara, mai duhu a tsakiya da kusurwoyi huɗu. A haɗa fuska da fuska a ɗinka, a bar rubu'in inci a baki. In layi uku sun samu, sai a goge bakin ɗinkin na sama da na ƙasa ya kwanta dama, na tsakiya ya kwanta hagu, domin kada wurin gamuwa ya yi kauri. Daga nan a haɗa layukan. An sami falle ɗaya ke nan, inci tara da rabi, wanda zai koma tara in an haɗa shi da 'yan'uwansa.

Wurin rubu'in incin nan ne ake faɗuwa. Ƙaramar cikin 'yan matan ta yi sauri, ɗinkinta ya ci ƙyalle fiye da kima, kusurwoyi suka ƙi gamuwa. Mama ta duba, ta miƙa mata reza ta ce ta warware. Yarinya ta ɓata fuska. Mu da muke fama da yara a kan lissafi, muka ga awo da kashi huɗu sun fito fili a nan fiye da yadda suke fita a allonmu.

Falle 48 ake nema, shida a faɗi, takwas a tsawo, wato inci 54 da inci 72. Ba dole su zama iri ɗaya ba. Mama ta sa kowace yarinya ta koyi sabon zubi: wannan mai gida tara, wancan mai gida huɗu, wani kuma an raba gidajen biyu daga kusurwa zuwa kusurwa. Ta haka bargo ɗaya ya zama littafin koyo. In an gama, za a shimfiɗa tsohon zane a ƙasa, tsohon mayafi a tsakiya, a bi da zare da allura a kama su duka.

Can cikin hira Mama ta jawo wani ƙyalle shuɗi daga ƙullin zanenta, ba daga buhu ba. Ta ce ragowar atamfar da marigayi maigidanta ya kawo mata ce, sa'ad da yake aiki a masaƙa a Kakuri. Manya cikin masu karatu za su tuna. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wasu suka biyo baya, kamar Arewa Textiles da United Nigerian Textiles. Audugar Funtua da Zariya da Gusau ce ake saƙawa. Dubban mutane suka baro ƙauyukansu suka zauna kudancin kogi saboda aikin nan. Daga baya rashin wutar lantarki da yadin waje mai araha suka karya kasuwar. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles kuma ta tsai da aiki a 2007. Gidaje da yawa a unguwannin nan har yanzu suna jin zafin abin. Mama ta ce a tsakiyar bargon za a sa ƙyallen nan, yarinya ta riƙa rufa da gumin kakanta.

Kada wani ya rena wannan sana'a. A Amurka akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata, Gee's Bend a jihar Alabama, inda mata suka daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aiki don talauci da sanyi. A 2002 aka rataye bargunansu a manyan gidajen nuna zane na ƙasar, mutane suka yi ta zuwa kallo.

Da rana ta yi sanyi muka yi sallama. An gama falle goma sha ɗaya, har da na ƙaramar nan, wanda kusurwoyinsa suka gamu a karo na biyu. Uwargida ta karɓi kwalin awo guda ta sa a jaka. A hanya muka tsaya wurin telan unguwarmu muka roƙe shi kada ya ƙara zubar da sharar shagonsa. Ranar Litinin ta farko bayan hutu, 'yan ajinmu za su zo da almakashi.