Talatin da arba'in, amma hamsin

A filayen noman rani da madatsar ruwa ta Bakolori ke shayarwa, tsakanin Maradun, Talata Mafara da Bakura, wani manomin shinkafa ya so musanya gonakinsa biyu da guda ɗaya ta maƙwabcinsa, mai girman su biyun a haɗe. Kowacce tsawonta daidai yake da faɗinta: ɗaya murabba'in mita 900, ɗayar 1,600. Ɗansa, ɗalibin sakandare, ya fitar da tushen kowacce, 30 da 40, ya tara, ya ce gefen sabuwar gona mita 70 ne.

Da an ja igiya a kan haka, da an yanko murabba'in mita 4,900 maimakon 2,500, kuma rigimar iyaka takan fi masu ita tsawon rai. Amsar ita ce √2,500, wato 50.

Kuskuren yaron yana da dalili. A wajen ninkawa tushe yana rabuwa lafiya: √4 × √9 = √36. A wajen tarawa kuwa sai jinsi ya zo ɗaya: 2√3 + 5√3 = 7√3, buhun shinkafa kan buhun shinkafa. Amma √2 + √3 shinkafa ce da masara. Haka ake barinsu.