Potiskum, Garin Da Hanya Ta Raya

Ran Laraba, tun gari bai gama wayewa ba, wani dattijo ɗan ƙabilar Ngizim yakan ɗauki sandarsa ya nufi karar shanu ta Potiskum, jikansa na biye da shi. Dillali ne, ya haura shekara arba'in yana cin la'ada. Idan ya tsaya ya ga ƙura ta turnuƙe, ga Fulani da garkunansu, ga tireloli sun yi layi suna jiran lodi zuwa Legas da Anaca da Fatakwal, sai ya ce wa yaron, "Kai ɗan nan, garin nan hanya ce ta raya shi."

Lalle kuwa gaskiya ya faɗa. Potiskum, wadda Hausawa ke kira Fataskum, ba ta da babban kogi, balle teku. Shimfiɗaɗɗen fili ne, damina gajeriya, abin nomawa gero da dawa da wake da gyaɗa. Amma nan hanyoyi suka haɗu: ta Kano ta biyo ta Azare, ta Bauci ta biyo ta Darazo, wata ta yi arewa zuwa Gashuwa, wata kudu zuwa Fika da Gombe, sa'an nan babbar ta miƙe gabas zuwa Damaturu da Maiduguri. A 1924 Moi Fika ya dawo da fadarsa nan. Da aka yanke Jihar Yobe daga Barno a 1991 Damaturu aka ba hedkwata, ciniki kuwa ya ƙi tashi daga inda ya saba. Ko harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar a watan Mayu na 2012, wanda ya ci rayuka da dabbobi masu yawa, bai hana ta sake cika ba.

To, amma akwai abin da hanyar ta karɓa a madadin arzikin da ta kawo, shi ne ke damun dattijon. Harsunan gida, watau Ngizim da Karekare da Bolanci, dukkansu dangin Hausa ne na nesa. Sai dai ba wanda ke taya sa da su. Bafilace da Babarbare da Bayarabe in sun haɗu a kara, da Hausa za a ce albarka, da Hausa za a sallama. Daga kasuwa ta shiga tasha, daga tasha ta shiga tsakar gida, har ta kai ga uwa na yi wa ɗanta faɗa da ita. Masana sun yi nasu ƙoƙari: Farfesa Russell Schuh na Amurka ya fitar da ƙamus na Ngizim a 1981. Ƙamus kuwa, kowa ya sani, ba ya goyon yaro.

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa irin wannan ta faru a Faransa. A lardin Bretan da ke bakin teku akwai garin Roskof, inda manoma ke tsallaka ruwa su kai albasa Ingila tun 1828, har a 1973 jirgin ruwan da suka haɗa kai suka samar ya fara jigilar kayan lambunsu. Teku ta yi musu abin da kwalta ta yi wa Potiskum. Harshensu na gado kuwa, wanda wajen mutum miliyan ɗaya ke yi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya ja baya ƙwarai a gaban Faransanci, yawancin masu yinsa yanzu tsofaffi ne.

Da la'asar, bayan an sallama wani bajimin sa, dattijon ya juya ya tambayi jikansa da harshen Ngizim nawa aka biya. Yaron ya ji sarai, bai yi kuskuren ko naira ɗaya ba. Da Hausa ya ba shi amsa.