Kuɗin Adashina Da Zafin Ɗakin Kwano

Duk wadda ta taɓa yin jego a ɗakin kwano cikin bazara, to ba sai na yi mata dogon bayani ba.

Ni dai na haihu ne cikin azumin 2024 a Makarfi, a ɗaki ciki ɗaya, rufin kwano babu silin, taga kuwa kamar tafin hannu. Ga wankan jego safe da yamma, ga kunun kanwa, ga rana kamar ta faɗo ƙasa. A farkon Afrilun nan ne zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan ba mu tsira ba. Jaririyata duk ƙuraje suka feso mata, dare ya raba tana kuka ina kuka.

Ana cikin haka kwasar adashi ta zo kaina. Dama na taɓa ganin iyakwandishan mai taya a gidan wata ƙawata a Zariya, irin wadda ake turawa ɗaki zuwa ɗaki, tun ranar ta tsaya mini a rai. Na ce da maigida, "Malam, ni fa ita zan saya." Ya dube ni ya ce, "Da wace wutar?" Wallahi ranar ko sannu da zuwa bai samu ba.

Ƙanena da ke gyaran wuta a Ikara shi ya zaunar da ni. Ya ce, "Yaya, wannan abar tana cin wuta wajen wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya iya tayar da ita. Sannan dole a fitar da bututunta ta taga, in ba haka ba zafin da ta kwasa cikin ɗakin zai dawo. Ga tsadar fetur tun da aka cire tallafi a 2023, hayaƙin janareta kusa da taga kuma kisa yake yi." Ya ce akwai fanka mai caji da hasken rana, amma ita kaɗa iska kawai take yi, ba ta sanyaya ta. Akwai kuma na'urar da ake zuba wa ruwa, wadda ba ta cin wuta sosai, sai dai amfaninta lokacin da iska take a bushe, wato Maris da Afrilu. Da hadari ya fara haɗuwa, sai ta mayar da ɗaki kamar tukunyar dambu.

Gwaggona da ta zo daga Kudan tana gefe tana jin mu. Ta ce, "Ke 'yar nan, zafin daga sama yake sauko miki, ke kuma kina faɗa da shi a ƙasa. Mu da muka tashi a ɗakin soro yaushe muka san wannan?" Washegari ta sa aka shimfiɗa zana a kan kwanon aka danne da duwatsu, aka buga tabarmi daga ciki a matsayin silin. Ta jiƙa tsohon zane ta rataya a taga, ta yayyafa ruwa a ƙasa. Na sayi fankar mai caji muka ajiye ta jikin zanen, ba saitin yarinya ba. Daren nan muka yi barci har asuba.

Ashe hikimar randa ce: ruwa in yana bushewa, da zafi yake tafiya. Da irin wannan dabarar ce Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Ba na ce iyakwandishan ba ta da daɗi ba, mai wuta da hali ta saya. Amma 'yar uwa, kafin ki zubar da adashinki don kin gani a ɗakin wata, ɗaga kai ki dubi rufinki tukuna. Ki yawaita ba jariri nono, in kuwa ya ƙi kamawa ko jikinsa ya yi zafi rau, a nufi asibiti kada a tsaya jiƙa zane.

Ragowar kuɗin tunkiya na saya, na kuma ba Malam haƙuri. Allah Ya raya mana zuriya, Ya tsare mu da zafin da ya fi wannan, amin.