Tinchy Stryder: Ɗan Accra da ya yi tashe a Landan

A wata rumfar cajin waya da ke Kademi, cikin Ƙaramar Hukumar Gaya, gardama ta kaure tsakanin wa da ƙane. Ƙanen, wanda ya ke ɗan taɓa gambarar zamani a bukukuwan abokai, ya rantse ya daina rerawa da Hausa. Turanci zai koma, ya sassauta murya, ya yi irin waƙar da Turawa ke so, kamar yadda Tinchy Stryder ya yi har ya yi kuɗi. Wan ya dube shi ya ce, "Auta, farkon labarin ka ji. Ka bincika ƙarshen sa tukuna."

To wai wane ne wannan Tinchy ɗin?

Sunan sa na yanka Kwasi Danquah. A Accra ta ƙasar Gana aka haife shi, ya na ƙaramin yaro iyayen sa su ka koma Ingila, su ka zauna a unguwar Bow ta gabashin Landan. Ƙanƙantar jikin sa ce ta jawo masa laƙabin Tinchy. Ya yi dace da unguwa, domin a nan ne kiɗan grime ya tsiro a farkon shekarun 2000: kiɗa mai zafi da sauri, wanda yaran talakawa ke haɗawa da kwamfuta a ɗakunan kwanan su, su na amayar da baiti kamar ana faɗa. Manyan gidajen rediyo ba su kula su ba, sai su ka riƙa kafa tashoshin sata a saman benaye. A can Tinchy ya koyi riƙe makirfo tare da su Wiley da Dizzee Rascal, ya na cikin ƙungiyar Ruff Sqwad. Kundin sa na farko, 'Star in the Hood', ya fito a 2007.

Shekarar 2009 ce tasa. Waƙar sa da Taio Cruz ta kai ta uku a jerin waƙoƙin Ingila. Sai 'Number 1', wadda ya yi da N-Dubz, ta hau kan gaba, 'Never Leave You' ta biyo ta ita ma ta zama ta ɗaya, duk a cikin kundin 'Catch 22'. A 2010 har haɗin gwiwar kasuwanci aka ƙulla da kamfanin Jay-Z, wato Roc Nation.

Amma duk wanda ya saurari waɗannan waƙoƙi ya san ba grime ba ne tsantsa. An zuba masu amshin soyayya mai zaƙi, an rage zafin baiti. Mu 'yan kallon finafinan Hausa mun san wannan ciniki sarai: sau nawa furodusa ya cusa rawa da waƙa a labarin da bai buƙace su ba, don kawai 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su karɓi kaset? Kuɗi na shigowa, ba musu. Sai dai masu sayen irin wannan kaya ba su da alƙawari. Kundin sa na gaba, 'Third Strike', na 2010, bai ko kama ƙafar na baya ba, kuma bai sake hawa kan gaba ba tun daga nan. A 2014 an fi ganin sa a shirin talbijin na shiga daji fiye da a fagen waƙa.

Skepta kuwa, haifaffen Landan da iyayen sa 'yan Nijeriya ne, shi ma ya gwada waƙar zaƙin, sannan ya yi watsi da ita ya koma kiɗan unguwa. Da kundin 'Konnichiwa' ya ci kyautar Mercury a 2016.

Ba wai hanyar gida ta fi sauƙi ba ne. Nazir Hausawa, wato Ziriums, ya yi tasa gambarar da Hausa a Kano, a 2009 waƙar sa 'Girgiza Kai' ta shiga cikin 11 da aka haramta a jihar, daga bisani ya koma Amurka. Wan ya faɗa wa autan wannan ma, bai ɓoye masa ba.

Autan ya zare wayar sa daga caji, ya ce ranar Juma'a akwai bikin abokin sa a Gaya, kuma an riga an biya shi kuɗin waƙa da Hausa.