Ina Ruwan Randa Yake Tafiya?

A ƙasarmu ta Alakos, ruwa ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Sai an je an ɗauko shi. Da bazara rijiya takan yi ƙasa, layi ya yi tsawo, jakuna su tsaya a rana suna jiran a ɗora musu jarkoki. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su yarda yaro ya zubar da ko ragowar moɗa. Amma akwai ruwan da yake fita daga gidajenmu dare da rana, ba wanda ya sha, ba wanda ya yi alwala da shi. Ruwan yoyo ke nan. A kansa nake so mu yi magana, ƴan'uwa.

Ku zo mu yi lissafi tukuna. A ce jarka tana zubar da ɗigo 60 a minti ɗaya. A awa ɗaya ɗigo 3,600 ke nan. A kwana da wuni, ɗigo 86,400. Ɗigo wajen 20,000 ne suke cika lita ɗaya. To, lita 4 ta tafi kowace rana. A kwana 5 an yi asarar jarka guda mai lita 20. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafin lita 20 a matsayin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana, don sha da girki da tsabta. Ni kuwa in na ji an ce lita 20, wuyan ƴata nake tunawa, da tafiyar da take yi cikin yashi.

A gidana akwai randa 2, jarka 6, da tano ɗaya. Shekaru da yawa ni nake duba su, har maƙwabta suna kirana in tasu ta ɓaci. Abin da na fi gani shi ne, in ruwa ya ragu, mutum ake fara tuhuma. A ce yara sun yi wasa da shi. A ce kishiya ta ɗiba da dare. Na san gidan da aka doki yarinya don ruwan randa ya ƙare kafin azahar. Da muka ɗaga randar, sai ga tsaga a gindinta, siririya kamar gashi, ƙasar wurin ta jiƙe sharkaf. Don haka kullum nake cewa a tambayi randa kafin a tambayi yaro.

Sai dai a lura. Naso daban, yoyo daban. Randar ƙasa, ko ta Mirya ce ko ta maginan kusa da mu, tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, sai na ciki ya yi sanyi. Kamar zufa ce a jikin mutum. Randa mai naso lafiyarta lau. Wani maƙwabcina ya shafe tasa da siminti ciki da waje, wai don kada ta ɓata masa ruwa. Ruwan bai ƙara raguwa ba, amma duk bazarar nan mai ɗumi suka sha.

Yaya za a gane? Naso yana jiƙa jikin randa ko'ina daidai, ba ya gudu. Yoyo kuwa wuri ɗaya yake fitowa, ya ja layi zuwa ƙasa. In kana shakka, zubar da ruwan a wani mazubi, ka ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai daɗi. Mai tsaga muryarta a dushe take. Haka ma ya kamata a yi a kasuwa kafin a biya kuɗi.

Ga wata dabara da ta fi wannan. Da magariba ka cika randar, ka sa alama da gawayi inda ruwan ya tsaya, ka rufe. Ka baza busasshen yashi ko toka a ƙarƙashinta. Kada kowa ya taɓa sai safe. Inda yashin ya jiƙe, ta wannan gefe matsalar take. In ka bar ta kwana biyu ka ga ruwan ya sauka ya tsaya wuri ɗaya, bai ƙara sauka ba, to, tsagar tana daidai wannan wurin, domin ruwa ba ya fita ta ƙofar da take samansa. Ƙaramar tsaga ana liƙe ta da siminti daga waje, a bar ta ta bushe a inuwa. Kada a wahala da ƙaro. Muna da shi a dajin Gure, yana da danƙo, amma ruwa yana narkar da shi.

Jarka, wadda wasu suke kira bido, tata hanyar daban ce. Zuba ruwan, ka rufe marfin sosai, ka shafa mata kumfar sabulu, sa'an nan ka danna cikinta da gwiwa. Inda kumfa ta taso, nan hujin yake. Wuri uku na fi samunsa: kusurwar gindi, saboda jan ta a ƙasa, kusa da mariƙi, inda igiyar jaki take goga, da kuma bakin marfi. Na marfi shi ne mafi sauƙi. Sau da yawa ƴar robar da take cikin marfin ce ta faɗi. Yanki leda mai tsabta, ka ninka, ka ɗora a bakin jarkar, ka murɗa marfin a kai. Huji kuwa sai liƙi. Ana ɗora tsohuwar wuƙa a wuta, a yanko ɓallin wata matacciyar jarka irinta, a narka shi a kan hujin. Robar buta ko ta takalmi ba ta cika kamawa ba, sai ta ɓare bayan kwana kaɗan. In ba ka iya ba, kai wa mai liƙin roba ran kasuwa. Kuma a daina barin jarka a rana in ba ta aiki. Rana tana cin roba, ta sa ta ƙeƙashe, ta riƙa tsagewa.

Salka ba ta bukatar dogon bayani. Ita ma tana naso kamar randa, kuma in ta yi yoyo, yawanci a ɗinki ne. Aikin baduku ne.

Tun shekarar 2020, lokacin cutar korona, bokiti mai kan famfo ya yawaita a makarantu da gidajen likita, har wasu suka sa wa tanonsu. Kan famfo wuri biyu yake ɗiga. In ta baki ne bayan an rufe, abin da yake tare ruwan a ciki ya cinye. A wani irin ana canja ƴar robar, a wani kuwa sai an sayi sabon kai. In ta wuya ne, inda ya shiga jikin bokiti, to, noti ya saki ko robarsa ta mutu. Yanka robar cikin tayar keke, ka huda tsakiyarta, ka wanke, ka sa, ka ɗaure notin da hannu. Kada ka ƙara ƙarfi don ɗigon ya tsaya. Yawan murɗawa yana fasa bokitin.

Abu ɗaya ne ba na yin sassauci a kansa. Kada a liƙe mazubin ruwan sha da kwalta. Kada kuma a ce tunda jarka ta mutu, bari a wanke ta maganin ƙwari ko ta fetur a zuba ruwa. Dafin yana shiga jikin roba, sabulu ba ya fitar da shi duka.

Wurin da randa ta daɗe tana yoyo ma a gyara shi. Damshi yana cin gindin katangar ƙasa, yana jawo gara, in ruwan ya kwanta kuma sauro ya samu wurin haihuwa. A kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, a zuba sabon yashi, a ja randar nesa da bango kaɗan. Randar da tsagarta ta yi tsawo har liƙi ya ƙi, ba a jefar da ita. Tawa tana cikin ɗaki yanzu, wake nake ajiyewa a ciki.