Hawan Mambila da gyararren sitiyari

Hilux ɗin yayana an ɗaga ta, an sa mata manyan tayoyi, amma rak ɗin sitiyarinta yana nan yadda ya fito daga kamfani. Rak sanda ne mai haƙora, kwance tsakanin tayoyin gaba. In ka murɗa sitiyari, wani ɗan giya ke tura shi dama ko hagu, shi kuma ya ja tayoyin ta tayarod. Wani kaso na nauyin da babbar taya ta ƙaro a kansa yake ƙarewa. Namu ya soma ƙwanƙwasa a gargada, mai na ɗiga, robar da ke tare masa ƙura ta yage. Ga shi Gembu za mu, can saman tudun Mambila.

A Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota ta Kano, bakanikenmu ya ture wani sabo fil mai araha. "Alhaji, ba ƙyalli ka zo saye ba," in ji shi. Ya zaɓi ɗan Beljiyam na asali, ya girgiza shi ya ji ba ya wasa, ya haɗa da tayarod masu kauri da bushin masu tauri. Bayan an ɗaura aka yi alaimen, don in ba shi, taya za ta cinye ta gefe guda.

Daga Jalingo zuwa Bali da Serti, mazaunin ofishin gandun dajin Gashaka Gumti, ramuka ne kawai suka gwada mu. Jarrabawar tana Mayo Selbe, gindin dutse. Nan hanya ke nannaɗewa, kwana bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya, ga hazo. Sitiyarin da ke wasa ko da na yatsa biyu ne, a nan zai tona maka asiri. Namu inda aka nuna masa nan yake bi, sai dai bushin masu taurin suna aiko da kowane dutse har kafaɗar direba.

A saman tudun, wajen mita 1,600, muka wuce Maisamari da Nguroje cikin sanyi da ciyawa shar da garken shanu. Tsofaffin Land Rover na ta hawa da sauka da lodi; su akwatin sitiyari gare su, ba rak ba, dukan hanya bai cika damunsu ba.

Mai shirin ƙara wa motarsa girman taya, ya ware kuɗin rak da tayarod tun kafin ya biya na tayar.