Dami Biyu da Rana Tsaka

A shekarar 1973, da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta yi ido ba, ina saurayi a gidanmu a Unguwar Tudu. Farin ya game ƙasar Kano har Nijar. Mu dai Allah ya rufa mana asiri, akwai sauran geron bara a rumbu.

Wata rana gab da azahar wani dattijo maƙwabcinmu ya shigo zaure wurin Baba. Suka gaisa, suka yi jajen damina, ya tashi bai roƙi komai ba. Bayan fitarsa Baba ya ce, "Ka ciro dami biyu, na gidan Malam ne."

Ni kuwa don ɗoki, nan take na hau rumbu, na ɗora a ka, na bi ta ƙofar masallaci daidai ana fitowa daga azahar. Na dire a ƙofar gidansa, na ɗaga murya na ce, "Ga shi in ji Baba!" Dattijon ya yi godiya kansa a sunkuye, yana murza carbi. Ya kwana bakwai bai fito majalisa ba.

Baba bai dake ni ba. Cewa ya yi, "Yaro, ka kai masa tuwo, ka kwaso masa mutunci. Me ya hana ka jiran bayan isha'i?"

A ranar na fara gane mene ne dacewa. Hatsin halal ne, niyyar ma mai kyau ce, amma lokaci da hanya sun ɓata aikin. Mutumin da kunya ta hana shi buɗe baki a zaure, ai ya riga ya faɗi yadda yake so a taimake shi. Haka gaskiya take: in za ka faɗa wa na gaba da kai, ka ja shi gefe. Haka biyan bashi, haka ta'aziyya, haka neman aure. Kowane abu da lokacinsa da muhallinsa da muryar da ake yin sa da ita.

Yanzu da azumi nakan ga an jera mabuƙata da ƙullin shinkafa a hannu, ana ɗaukar su hoto a waya don a sa a Facebook. Raina yakan ɓaci, don nakan hango kan dattijon nan a sunkuye.

'Ya'yana, kafin ku yi alheri, ku tambayi kanku: gobe mutumin nan zai iya haɗa ido da ni a masallaci? In zai iya, to abin ya dace.